Kafin ka taya tsoffin sulalla a gwanjo

Malam, ka tambayi yadda za ka taya tsoffin sulallan Rumawa a gwanjo ba a cuce ka ba. Fara da asali: daga hannun wa suka fito, kuma tun yaushe? Wannan ya fi kyawun hoto muhimmanci nesa ba kusa ba. Misali, wani sulen zinare mai hoton Brutus, ɗan siyasar tsohuwar Rum, da aka sayar a Landan a 2020 kan sama da fam miliyan 3, Girka aka mayar wa a 2023, domin takardun asalinsa na bogi ne. Sannan ka lissafa la'adar gidan gwanjo, wadda takan kai kashi 20 cikin 100 a kan tayinka, ban da kuɗin aikowa. Ka yanke iyakar kuɗinka tun kafin a fara, don zafin tayi yana kwasar mutum.