Ga ɗan Birni da ke Liyon: duba takardarka kafin ka sayi tikiti

Wani ƙanenmu ɗan unguwar Birni ta Damagaram, mai aikin gini a Liyon ta Faransa, ya aiko da tambaya. Katin zamansa na shekara ɗaya saura wata uku ya ƙare, mahaifiyarsa na kwance a gida, ga labarai na cewa masu ra'ayin riƙau sun yi ƙarfi a Faransa. Ya taho yanzu ko ya jira? Kuma fasfonsa mai tambarin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, yana aiki har yanzu?

Ƙanena, Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne.

Maganar fasfo ba ta da wuya. Nijar, Mali da Burkina Faso sun kammala fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, amma hukumomin AES, wato ƙawancen ƙasashen nan uku, sun ce tsohon fasfo yana aiki har wa'adinsa ya cika. Ranar ƙarewarsa kawai za ka duba.

Abin da ka ji na siyasa gaskiya ne. Jam'iyyar Marine Le Pen, mai son a taƙaita shigar baƙi, ita ce ta zo ta farko a Faransa a zaɓen majalisar Turai na Yunin 2024, ga zaɓen shugaban ƙasa na tafe a 2027. Sai dai ni ba na cikin masu cewa duk wanda ya tsare ƙofarsa maƙiyi ne. Kai da ka tashi a gindin ganuwar da Sarki Tanimun ya gina, ka san ayari in ya iso Damagaram a Zango yake sauka, ba ya kutsa cikin Birni sai an san da shi. Mai gida ke faɗin yadda za a zauna a gidansa. Naka shi ne ka san dokar, ka riga ta shiri.

Dokar shige da fice ta Faransa ta 26 ga Janairun 2024 ta canja abu biyu da suka shafe ka. Katin shekara ɗaya ba a sabunta shi fiye da sau uku a kan dalili guda. Sannan daga Janairun 2026, mai neman katin shekaru da yawa sai ya nuna Faransancinsa ya kai matakin A2, wato na iya maganar yau da kullum mai sauƙi, ya kuma ci jarrabawar sanin dokokin ƙasa. Na san Faransancin wurin gini kake ji, na miƙo bulo da kawo siminti. Ba zai isa ba. Ka shiga ajin dare tun yanzu, babu kunya a ciki.

Tafiya kuwa, kada ka bar Faransa sai ka kai takardun sabuntawa an ba ka resepise, wato takardar shaidar an karɓi buƙatarka. Resepisen sabuntawa, haɗe da tsohon kati da fasfo mai rai, yana ba ka damar komawa. Na neman farko ba ya yi, kuma a nan 'yan'uwa da yawa suka ruɗe. In katin ya mutu kana Damagaram hannu wofi, sai ka nemi bizar komawa, alhali ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024. Ka nemi ranar ganawa a ofishin perefe, inda ake sabunta katin zama, yau ɗin nan. Takardun albashi, na haraji, na haya, duk ka tara su a jaka ɗaya, ka ɗauki hotonsu a waya.

Amma kada takarda ta sa ka yi sanyi da uwa. Wanda ya rasa aiki yana samun wani. Kafin resepisen ya fito, ka aika kuɗin magani hannun mutum ɗaya da ka amince da shi, ka riƙa kira kullum bayan Magariba, a kanga mata wayar a kunne ta ji muryarka ko ba ta iya amsawa. Ka faɗa wa yayanka gaskiyar abin da ya riƙe ka, don kada dangi su ce Turai ta cinye ka. In likita ya ce jiki ya yi tsanani, ka karɓi shaidarsa a rubuce, ka kai ofishin ka roƙi a gaggauta maka, sannan ka nemi hutu a wurin aiki, shi ma a rubuce.