Wii ko Kinect, wanne zan saya wa yara?

Ɗan'uwa, tunda wasan motsa jiki kake nema wa yara, ni dai Wii zan ce, wato na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Nintendo. Tun fitowarsa a 2006 sauƙinsa ne ya ja mutane: ka riƙe rimot, ka kaɗa hannu kamar mai buga tanis, shi ke nan. Har kakarmu ta gwada, muka sha dariya.

Kinect kuwa kyamara ce ta na'urar wasan Xbox ta kamfanin Microsoft, mai bin motsin jikinka, ba ka riƙe komai, sai dai tana son fili. A ƙaramin ɗaki ba ta ganin ƙafafunka, ga ɗan jinkiri kafin motsinka ya bayyana a allo. Microsoft ma ta daina ƙera ta a 2017.

Amma fa da Wii ɗin, kafaɗa ba ta daɗewa take gajiya. Kuma yaran su riƙa ɗaura igiyar rimot a hannu, kada ya kuɓuce ya fasa talabijin.