Tanderun bangonmu na Jidda, da tambayar Yaya daga Kano

Yaya, na saurari saƙonki har ƙarshe. Kin ga hoton kicin ɗin da muka gyara, kin ga ƙofar gilashi a jikin bango, sai kika ce, "To ku yanzu a ina kuke tuƙa tuwo, ko shi ma kun sallama kun koma Larabawa?" Da dariya kika faɗa, na sani, amma maganar ta tsaya mini a rai, don ba ke kika fara yi mana ita ba.

Tuwo dai ana tuƙa shi kamar kullum. Amfanin tanderun bango ke nan: an raba shi da murhu. Murhun gas yana nan a kan kanta da kawunansa, akwai kuma babban murhu na ƙasa da muke jawowa in za a ɗora tukunyar taro. Muciyar da Inna take amfani da ita daga Kasuwar Kurmi aka kawo mata. Tanderu aikinsa gashi ne kawai.

Ba marmari ne ya sa muka yi gyaran ba. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe tsofaffin unguwannin Jidda da yawa, irin su Sabil da Karantina da Gulail, inda mutanenmu suka daɗe. Mu ma muka tashi, muka koma gidan bene, daga tsakar gida mai faɗi zuwa kicin ɗin da mutum uku suka isa su cika shi. A tsohon gida, in faranti ya fi ƙarfin murhu, yaro ake ɗora wa a ka ya kai gidan mai burodin unguwa, a gasa, a biya shi 'yan kuɗi. Haka kakata ta yi a Makka tun tana zaune wajen Shari'u Mansur, haka Inna ta yi bayanta. A sabuwar unguwa babu wannan, dole gashi ya dawo cikin gida.

Girma muka fara dubawa. Yawancin na bango faɗinsu santimita 60 ne, akwai kuma na 90. Mai shago zai yi ta karanto miki lita nawa kowanne yake ci, amma lita ba ta gaya miki ko farantinki zai shiga. Na 60, in kin buɗe shi, faɗin cikinsa bai kai santimita 50 ba. Ni babban farantin Inna na ɗauka na tafi da shi shagon, wanda ake gasa rabin rago a kai, na gwada. Bai shiga na 60 ba, magana ta ƙare. Wasu suna sayen na 60 guda biyu su ɗora ɗaya kan ɗaya, kuma dabara ce mai kyau ga mai son gasa nama da kayan zaƙi lokaci guda. Mu gidanmu ba ya rabuwa da baƙi. Daga azumi har bayan aikin Hajji, 'yan uwa daga Kano da Sakkwato da Damagaram suna saukowa ta nan, wani ma ba mu taɓa ganinsa ba, sunan kakanmu kawai zai ambata a shimfiɗa masa. Don su muka ɗauki na 90.

Tsakanin gas da lantarki an ɗan yi gardama. Inna ta fi yarda da gas, ta ce namansa ba ya bushewa. Ni kuma abin da ya tsaya mini shi ne tukunyar gas tana can ƙarshen kicin, sai an ja bututu ta bayan durowoyi, kuma irin wannan gas ɗin ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya cikin durowa a rufe. Muka ɗauki na lantarki mai fanka a baya, wadda take juya zafi ta ko'ina, ba sai kin riƙa juya faranti ba. Yana jan wuta sama da kilowat 3, don haka sai da mai gyaran wuta ya ja masa layinsa shi kaɗai. Akwai masu wanke kansu ta hanyar ƙone maiƙo da zafin da ya kusa digiri 500. Kuɗinsu ya fi ƙarfinmu, muka haƙura. Abin da ban yarda a rage ba shi ne ƙofa mai gilashi uku, saboda hannun jikoki, da kuma tsayin da aka kafa shi, daidai ƙugu. Gwiwoyin Inna sun gaji da durƙuso. Yanzu a tsaye take jawo faranti, ba ta kiran kowa.

Wadda ta fi kowa taimaka mini wajen zaɓen nan surukata ce, matar babban ɗana, kuma na san nan ne bakin zancenku yake. Balarabiya ce, kakanninta daga Hadramaut ta ƙasar Yaman suka zo, kamar yadda namu suka zo daga ƙasar Hausa. Lokacin bikin, daga wajenku aka aiko da maganar wai ina 'yan matan dangi. Abin da ba ku gani daga nesa shi ne, a nan ma ba kowace ƙofa ce take buɗe mana ba. Akwai gidajen da har gobe ba za su ba ɗanmu 'yarsu ba, komai karatunsa da aikinsa, saboda asali da launin fata. Wadda iyayenta suka dube mu suka ce sun yarda, ba mu da abin ce musu sai godiya. Yarinyar nan ta zauna gaban Inna ta koyi kaɗa miyar kuka, ta san sanwar tuwo da ruɗe, tana gaishe ta a durƙushe. Ita kuma ta koya mana makaroni na faranti da basbusa da aish bil-laham na mutanen Makka. Duk daga kicin ɗaya suke fitowa, kuma baƙinmu na Kano ba su taɓa mayar da faranti da saura ba.

Ke ma kin san gurasar da Kano take taƙama da ita a tanderu ake gasa ta, kuma ana cewa fataken Larabawa ne suka kawo ta. Ban taɓa jin an ce matan Jakara sun bar Hausa don sun iya ta ba.

Kakan babanmu ya baro gida bayan yaƙin Burmi na 1903, cikin waɗanda suka nufi gabas don ba su yarda su zauna ƙarƙashin Nasara ba. Ya yi shekaru a Sudan yana noma wajen Mai Wurno kafin ya tsallaka teku daga Sawakin. Inna tana faɗa cewa har ya rasu bai daina tambayar alhazai labarin damina ba, ko gero ya yi kyau bana. Zuriyar irin waɗannan mutane ne yau suke malamai da likitoci da sojoji a ƙasar nan. A gasar cin kofin duniya ta 2018 mutum uku a tawagar Saudiyya sunan Hausawi suke ɗauke da shi, kuma ɗayansu, Usama Hausawi, shi ne kyaftin. Duk da haka in muka je Kano, da mun buɗe baki a kasuwa sai a ce 'yan takari, a ƙara mana kuɗi. Wannan yana mini ciwo fiye da abin da Larabawa suke faɗa.

Gaskiya ne jikokina in aka yi musu Hausa da Larabci suke amsawa. Suna ji, harshen ne yake yi musu nauyi, kuma ina damuwa da hakan. Amma ki je Makka ki tambayi kowane Balarabe wa yake da sire, zai ce miki Hausawa. Tsirenmu ne da ƙulinsa da yajinsa, har ya zama abincin gari. A gidan bene ba a hura gawayi, shi ya sa na tabbatar tanderun yana da wutar sama mai ƙarfi. Tana yin ƙoƙari a ranakun mako, ko da yake ba ta ba shi ƙanshin hayaƙi. In Babbar Sallah ta zo, wurin shaƙatawa muke kamawa a bayan gari mu hura gawayi yadda ya kamata.

Kin ce ke ma kina sha'awar irinsa a gidanki na Kano. Kada ki sa a sayo miki na lantarki daga nan ba tare da an duba bayanin wutar da aka rubuta a jikinsa ba, don wutarmu tana kan hats 60 (ma'aunin saurin kaɗawar lantarki), taku kuma 50, sai wanda aka rubuta yana karɓar duka biyun. Ko ya karɓa ma, da yadda wuta take a wajenku, ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba. Ki nemi na gas mai bawul ɗin da yake yanke gas da kansa in harshen wutar ya mutu, ki ajiye tukunyar gas ɗin a waje, ki sa kafinta ya bar masa hanyar iska a baya. Ki auna babban farantinki kafin ki shiga kasuwa. Inna tana gaishe ki, ta ce in za ki zo Umra ki taho mata da daddawa da kuka, na bara sun kusa ƙarewa.