Ciwon hantsa: allura ɗaya, saniya ɗaya ta tashi, ɗaya ta ƙi

Wani makiyayi daga Dakoro ya rubuto cewa shanunsa biyu sun kamu da ciwon hantsa. Ya yi musu allurar oksitetrasiklin ta kasuwa, ɗaya ta warke, ɗayar har yanzu nononta na fita da gudaji. Yana tambaya ko jabu aka sayar masa.

Malam, mai yiwuwa maganin lafiyarsa lau. Ƙwayoyin cutar da ake kira Streptococcus, waɗanda ke cikin masu kawo ciwon hantsa, suna ɗaya ne, hali daban, kamar gero da maiwa. Akwai agalactiae, wanda mazauninsa cikin hantsa ne, hannun mai tatsa ke kai shi daga wannan saniya zuwa waccan. Nau'insa na shanu ya samo ƙwayoyin halittar da ke ba shi damar cin sukarin madara, abin da yawancin ire-irensa da ake samu a jikin mutum ba su da shi, shi ya sa yake miƙe ƙafa a hantsa. Yana kuma sanye da wata riga da ke ɓoye shi daga garkuwar jiki, kuma rigar iri 10 ce. Sai uberis, mai fitowa daga kashi da taɓon garke: wani nau'in jikin saniya ya kashe shi cikin kwanaki, wani ya yi watanni a ciki.

Abin da ke damuna shi ne allurar nan. Ƙwayar halittar jure wa tetrasiklin, wato dangin maganin da ke cikin allurar, ta yaɗu cikin waɗannan ƙwayoyin cuta, suna miƙa wa junansu ita. In kuka zuba kuɗi, kuka yi allura kwana ɗaya kuka daina, sai masu taurin kai cikin ƙwayoyin su tsira su hayayyafa. Kai saniyar wurin likitan dabbobi, sau da yawa fenisilin ya fi kama agalactiae. A cika kwanakin magani, kar a sayar da nonon sai ya ce. A tatsi marar lafiya a ƙarshe, a wanke hannu da sabulu tsakanin saniya da saniya, tatsar farko a ɗiga ta kan baƙar leda a duba gudaji.

Hajiya daga Tibiri, mai tambaya kan nonon jar akuyar da hantsarta ta kumbura: kar a ba yara, ko an tafasa.

Mai tambaya daga Madarunfa kan shafa kashin shanu a kan nono don hana maraƙi sha: ka bari, da hannunka kake kai cutar bakin ƙofa.