Ga ɗan'uwan da ƙidayarsa ta Dagona ta ƙi daidaita

Salamu alaikum. Malam, sau biyu na karanta tambayarka, wallahi raina ya sosu. Ka ce ka ƙirga tsuntsaye a tafkin Dagona ranar Asabar, ka koma Talata adadin bai kai rabin na farko ba, har wani ya ce maka ko dai ba ka iya ba, ko ƙirƙira ka yi. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya ɗanɗana wannan ɗaci, ni ma ban tsira ba. Kada maganarsa ta sa ka rataye madubinka na hangen nesa.

Abin da ba ka faɗa mana ba shi ne ƙarfe nawa ka fara kowace rana, kuma ina kyautata zaton a nan gizo ke saƙar. Agwagin da ke zuwa mana daga Turai da Rasha lokacin hunturu, garganey da pintail, har ma da kirinjijiyarmu ta gida, yawancin kiwonsu da dare suke yi a fadamu da gonakin shinkafa. Tafkin wurin hutawa ne. A watan Janairu rana kan fito wajen bakwai saura kwata a yankin Gashuwa, inda tafkin yake, kuma a lokacin wasu garken ba su iso ba, wasu suna ta kewaye ba su sauka ba. In ka fara a nan, ko ka rasa su ko ka ƙirga su sau biyu. Ka bari sai takwas saura kaɗan, ka kuma gama kafin sha ɗaya, domin da rana ta ɗaga iska takan riƙa rawa a kan ruwa, babban madubi ba ya nuna komai sai inuwa. Lokacin da ka zaɓa, shi za ka riƙe kullum.

Ka tsaya ta gabas, rana na bayanka. Amma ga tarkon da ke ciki: iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ranar da ta yi ƙarfi agwagi sukan matso gindin gaɓar da ke kare su, su shige ciyawa, wato daidai ƙarƙashin inda kake tsaye. Suna nan, ba ka ganinsu. Shi ya sa wuri ɗaya ba ya isa. Ka tsayar da wurare uku ko huɗu, ka ɗauki lambar GPS ɗinsu da waya, ka raba ruwan da alamun da ba sa motsi, kamar wata goruba ko kwanar gaɓa, don abin da ka ƙirga daga wuri na ɗaya kada ya sake shiga a na biyu.

Wajen ƙirgar kanta, madubin hannu 8x42, mai ƙara girman abu sau takwas, na neman garke ne da gane na kusa. Na nesa sai babban madubi mai ƙafa uku, kuma ka bar ƙarfin ƙara girmansa a 20 zuwa 30. In ka murɗa shi zuwa 60 cikin hazo, ƙurar kawai kake ƙara wa girma. Garken da bai wuce ɗari biyu ba, bi shi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi haka, ƙirga goma sosai, ka ga faɗin da suka ci, ka haɗa goma biyar su zama hamsin, sannan ka riƙa aza wannan faɗin a kan sauran. Tsakiyar garke ta fi gefe cunkoso, saboda haka wanda ya ɗauki ma'auninsa daga gefe kullum adadinsa ƙasa yake faɗuwa. Ka fara da jimillar duka da sauri, tun shaho bai zo ya tashe su ba, daga baya ka koma iri-iri. Ku zama biyu, ɗaya ido a madubi, ɗaya na rubutu da fensir, don biro kan ƙi aiki in ƙura ta hau takarda.

Kuma don Allah kada ka goge gilashin da bakin riga. Ƙurar hunturu yashi ce, tana karce shi. Hure tukuna, sannan burushi mai laushi.

Shi wanda ya ce ka ƙirƙira, bari in faɗa masa gaskiya a nan. Mai ƙirƙira ba ya kawo adadi biyu masu saɓani. Mai ƙirƙira shi ne wanda ke zaune a inuwa ya kwafo na bara ya ɗan ƙara, ko ya ga garke daga nesa ya rubuta dubu biyar cif, saboda babbar lamba ta fi burge mutane. Waɗannan su suke kashe mana aiki, kuma su ne ba wanda ke tuhuma, tunda takardarsu kullum tsaf take. Ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da ake yi tsakiyar Janairu tun 1967 babban amfaninta shi ne kwatanta bana da bara. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ga kachala ta toshe hanyoyin ruwa. To da me za a nuna wa hukuma cewa tsuntsaye sun ragu in takardu suna cewa komai lafiya? Mutum ɗaya ya zauna ya cika fom da ƙarya, ya ɓata wahalar waɗanda suka sha sanyin asuba shekara da shekaru, kuma ba a iya tsince ƙaryar daga baya. Wannan abin yana ci mini rai ƙwarai. Dagona ba ta kai hekta 400 ba, a 2008 ta shiga jerin Ramsar, wato jerin fadamu masu muhimmanci na duniya, ƙaramin wuri irin wannan lamba ɗaya ta bogi ta isa ta karkatar da lissafinsa duka.

Saboda haka duka biyun za ka tura, na Asabar da na Talata, kowanne da bayaninsa: lokacin farawa da gamawa, nisan da ido ke kaiwa cikin hazo, inda ruwa ya tsaya, kashi nawa na tafkin ka iya dubawa, ko an yi harbi, ko masunta sun shiga, ko shanu sun sauko shan ruwa. Harbi ɗaya da asuba ya isa ya kwashe agwagi zuwa wani ruwan har yamma, shi ya sa ake tambayar ma'aikatan gandun dajin da tafkin ke ciki abin da ya faru kafin ka iso. Ka kuma bambanta sifili da “ban duba ba”. In ka nemi dinya ba ka gani ba, rubuta 0. In hazo ya hana ka ganin ɓangarenta, faɗi haka. A eBird ma, manhajar da ake shigar da bayanan tsuntsaye, kada ka sa X, alamar an gani ba a ƙirga ba, in kana iya kintace.

Wani abin da kan rikita lissafi shi ne ruff, wani tsuntsun bakin ruwa mai dogayen ƙafafu. Namijin ya fi macen girma sosai, ƙafafunsu wani ja-ja wani kore-kore, sabon shiga sai ya raba su iri biyu ko uku. Garganey kuma a Janairu maza da yawa ba su gama sauya gashi ba, farin layin nan na saman ido bai fito sosai ba, kada ka ce duk mata ne. Wanda ka kasa ganewa, rubuta “agwagwa, ba a tantance ba” da adadinsa, ya shiga jimilla.

Tunda kana bakin ruwa, ka duba taɓo. Sawun dila, na tunku, jan wutsiyar guza, ɗauki hoto da rula a gefe ka sa kwanan wata. In ka tarar da tsuntsaye matattu da yawa wuri ɗaya kada ka taɓa da hannu, murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan tun 2006, kuma akwai masu zuba hatsi mai guba. Ka ɗauki hoto daga nesa ka sanar da ma'aikatan gandun. In masunci ya nuna maka zoben da masu bincike ke sawa a ƙafar tsuntsu, kwafe duk abin da ke jiki, lamba da sunan gari, da ranar da wurin da aka same shi.

Turo mana lokutan da ka fara a ranakun nan biyu da inda ka tsaya, mu duba tare. Allah ya ƙara maka haƙuri.