Yanke hoto da alƙalamin Photoshop: ramin da ya ƙi fita da layin da ya ɓace

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zanen talla a Photoshop, kuma yawancin aikina cire kaya ne daga bayan hoto, kamar kwalabe da takalma da kofuna. Da Quick Selection nake zagaye abu in goge bayansa, amma da na ɗora shi a kan baƙin fage sai gefen ya fito kamar ɓera ya gaigaye shi, ga wani farin zobe kewaye da shi. An ce in koyi Pen Tool da vector mask. Na gwada a kan kofi, ramin mariƙin ya ƙi fita. Da na taɓa wani maɓalli kuma sai kofin ne ya ɓace, bayan ya tsaya. Sannan da na fara zana layi na biyu, na farkon ya yi ɓatan dabo. Ina kuskuren yake? Kuma wannan hanya za ta yi wa gashin mutum?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya ba ka shawarar nan bai ɓatar da kai ba, kuma matsalolin uku da ka lissafa kowace tana da sanannen dalili. Amma kafin mu je gare su, ka daina goge bayan hoto. Abin da ka goge ya tafi, abin da ka rufe kuwa yana nan, ko bayan wata shida ka dawo za ka same shi.

Mayafi iri biyu Photoshop ke ɗorawa a kan leya, wato shimfiɗar da hoton ke kanta. Na farko mayafin fiksel (fiksel su ne ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto), wanda yake kira Layer Mask. Shi hoto ne na fari da baƙi da toka-toka, inda fari ke bayyanawa, baƙi ke ɓoyewa, a hoto mai bit 8 kuma akwai matakai 256 daga wannan zuwa wancan. Na biyu mayafin bekta, shi ne vector mask ɗin da aka gaya maka. Babu fiksel ko ɗaya a cikinsa. Zare ne na lissafi, wato Path, abin da ke cikin zaren ya bayyana, na waje ya ɓuya. Lissafin ya samo suna daga Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da shi wajen zana jikin mota a shekarun 1960. Kowace gaɓa ta zaren maki huɗu ne ke riƙe da ita: turaku biyu inda ta fara da inda ta ƙare, da linzamai biyu masu jan ta ta lanƙwasa. Shi ya sa gefen kwalba ke fita sumul. Quick Selection bin launin fiksel yake yi ɗaya bayan ɗaya, duk inda haske ya ruɗe shi sai ya ciji gefen. Zare kuwa bai san launi ba, inda ka kafa shi nan yake bi.

Danna P ka ɗauki alƙalami, wato Pen Tool. Kafin ka taɓa hoton, dubi sandar da ke sama, ka tabbatar an zaɓi Path, ba Shape ba. Idan Shape ne, kana zane launi na cika ciki yana rufe maka gefen da kake bi. A alamar giya da ke wannan sanda ka kunna Rubber Band, zai riƙa nuna maka inda zaren zai faɗa tun kafin ka danna. Ka matso da hoton zuwa kashi 200 ko 300 cikin ɗari. Fiye da haka ba dabara ba ce, domin za ka koma bin fiksel maimakon bin siffar abin.

Dannawa kawai na ba ka turken kusurwa, layi miƙaƙƙe. Danna ka ja kuwa na fito da linzamai biyu, ka sami lanƙwasa. A nan ne hannun mai koyo ke bambanta da na gwani, kuma bambancin yawan turaku ne. Mai koyo na ganin lanƙwasa sai ya jera turaku ashirin, gefen ya fito da ƙananan kusurwoyi kamar an yanka da almakashi. Ka tuna cikakkiyar da'ira turaku huɗu kacal take buƙata, sama da ƙasa da hagu da dama, kowane linzami tsawonsa wajen kashi 55 cikin ɗari na nisan tsakiya zuwa gefe. Haka za ka bi da bakin kofi da gindinsa: kafa turke a ƙololuwar lanƙwasa da kuma inda ta sauya alkibla, ka bar linzami ya yi sauran aikin. Tsawon linzami ya zama kusan kashi ɗaya cikin uku na gaɓar da yake ja, kuma ya kwanta daidai da gefen abin a wurin. Idan ya yi tsawo har ya haye ɗan'uwansa na turke na gaba, zaren zai ƙulle ya yi madauki.

Maɓallai huɗu za su rage maka wahala. Riƙe Ctrl na mayar da alƙalami farar kibiya na ɗan lokaci, ka gyara turke ko linzami, ka saki ka ci gaba. Riƙe Alt ka danna turken da ka kafa yanzu na cire linzamin gaba, abin da kake buƙata a inda lanƙwasa ta haɗu da kusurwa, misali mahaɗar mariƙi da jikin kofi. Riƙe Space kafin ka ɗaga yatsa na ba ka damar matsar da turken idan ya sauka a karkace. Shift kuma na tsare linzami a digiri 45 ko 90. A kwamfutar Mac, Command ne a madadin Ctrl, Option a madadin Alt.

Batun farin zoben nan ba laifin na'ura ba ne. A kowane hoto, fiksel ɗin da ke kan iyaka gauraye suke, rabi launin kofi rabi launin bango. Idan zarenka ya bi ta tsakiyar iyakar, za ka kwaso su. Ka shigo ciki da fiksel ɗaya, ko biyu idan hoton babba ne. Ba wanda zai lura kofin ya rage, amma kowa zai ga zoben idan ka bar shi. A ƙarshe ka koma turken farko, ƙaramar da'ira za ta bayyana a gefen alƙalami, ka danna ka rufe. Zaren da ba a rufe ba, mayafi zai haɗe bakinsa biyu da miƙaƙƙen layi, ya yanke maka abin da ba ka nufa ba.

Yanzu layin da ya ɓace. Buɗe akwatin Paths, za ka ga zanenka da suna Work Path a rubutun da ya kwanta. Wannan wurin ajiya ne na wucin gadi, guda ɗaya tak. Muddin ka cire zaɓi daga kansa ka fara sabon zane, sabon zai maye gurbin tsohon ba tare da gargaɗi ba. Maganinsa bai wuce daƙiƙa biyu ba: danna shi sau biyu ka ba shi suna. Mu muna yin haka tun bayan turke na uku ko na huɗu, ba ma jiran a gama.

Da zaren a zaɓe, leyar kofin ma a zaɓe, shiga Layer, Vector Mask, Current Path. Ko ka riƙe Ctrl ka danna maɓallin mayafi da ke ƙasan akwatin Layers. Idan leyar Background ce mai kwaɗo, fara danna kwaɗon ka buɗe ta. Wani abu da ke ruɗa mutane: mayafin kwafin zaren ne, ba shi kansa ba. Idan leyar na zaɓe za ka ga zare biyu a Paths, wanda ka ajiye da na mayafin. Gyaran da ka yi wa na farko ba zai taɓa hoton ba, sai ka gyara na mayafin.

Ramin mariƙi shi ne inda ya fi cancanta a tsaya. Path guda na iya ƙunsar zobba da yawa, kuma kowane zobe na ɗauke da umarninsa: Combine Shapes ya ƙara, Subtract Front Shape ya cire, Intersect Shape Areas ya bar inda suka haɗu kawai, Exclude Overlapping Shapes ya cire inda suka haɗu. Ramin na ƙin fita saboda ɗayan abu uku. Ko dai ka zana shi a Path dabam, wanda bai san da na kofin ba. Idan haka ne, danna A ka ɗauki baƙar kibiya, zaɓi zoben ramin, Ctrl da X, ka zaɓi zaren mayafin, Ctrl da V. Ko kuma yana wuri ɗaya da shi amma umarninsa Combine ne, yana ƙara fari a kan fari. Zaɓe shi shi kaɗai da baƙar kibiya ka mayar da shi Subtract Front Shape. Na ukun ba a cika tunawa da shi ba: zoben da ke cirewa dole ya kasance a saman wanda yake cirewa daga gare shi. Idan ramin ka fara zanawa kafin jikin, yana ƙasa, sai ka ɗago shi da Bring Shape to Front a maɓallin Path Arrangement.

Ɓacewar kofinka ma daga nan ta fito. Ka danna Subtract alhali zoben waje ne ke zaɓe, sai umarnin ya hau kansa, ya cire kofin ya bar bangon. Zaɓi zoben waje ka mayar da shi Combine Shapes, shi ke nan. Ka saba da duban ɗan hoton da ke Paths: fari shi zai bayyana, toka-toka shi zai ɓuya. Idan kofin fari ne, ramin da bango toka-toka, ka yi daidai.

Gefen bekta kaifi gare shi fiye da duk abin da kyamara ke ɗauka, shi ya sa abin da aka yanka da shi kan fito kamar an manna shi. Danna mayafin, ka shiga Properties, ka ba Feather tsakanin fiksel 0.3 da 0.5, ko ka kai 1 a babban hoto. Laushin na bazuwa ciki da waje ne, don haka idan ba ka shigo ciki tun farko ba, farin zoben nan zai dawo. Ana iya sauya wannan lamba kowane lokaci ba tare da asara ba. Density da ke samansa kuwa na rage ƙarfin mayafin. Saukar da shi zuwa 50 na ɗan lokaci na nuna maka bangon asali, ka ga inda zaren ya kauce, sannan ka mayar da shi 100.

Gashi kuma, a'a, alƙalami ba zai yi masa ba, haka hayaƙi da gashin dabba da duk abin da gefensa ke narkewa cikin bango. Amma leya ɗaya na ɗaukar mayafai biyun a lokaci guda, kuma abin da zai bayyana shi ne wanda dukansu suka yarda ya bayyana. Saboda haka idan mutum za ka yanka, bi kafaɗu da hannaye da tufafi da zare daidai wa daida, da ka iso kai sai ka yi nesa, ka zagaye gashin da sarari mai yalwa. Daga nan ka ƙara mayafin fiksel ka gyara gashin a Select and Mask da burushin Refine Edge. Idan ka matse zaren a jikin gashin, duk fentin farin da za ka yi a mayafin fiksel ba zai dawo da silin da bekta ya ɓoye ba. Kwalbar gilashi ma haka take: zare zai ba ka siffarta, amma tsohon bango na nan yana leƙowa ta cikinta, sai da mayafin fiksel mai toka-toka za ka rage shi.

Kada kuma kalmar bekta ta sa ka ɗauka hoton kansa ya zama mai faɗaɗuwa ba iyaka. Idan ka ninka girman kofin sau huɗu, gefen zai tsaya da kaifinsa, cikin kuwa zai dushe, domin fiksel ne. Mayar da leyar Smart Object, wato leya mai riƙe da asalin hoton a cikinta, na kare ta daga lalacewa idan ka rage ka sake ƙarawa, amma ba ya ƙirƙiro abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Haka nan akwai gajeriyar hanya ta mayar da zaɓi zuwa zare da Make Work Path, inda Tolerance ke tsakanin fiksel 0.5 da 10. Ƙaramar lamba na ba ka ɗaruruwan turaku masu bin duk cizon da zaɓin ya yi, babba kuma na cinye kusurwoyi. Ga kaya masu santsin gefe, zana da hannu ya fi gyaran wannan sauri.

Wajen ajiya, PSD da TIFF mai leyoyi ne ke riƙe mayafin yadda za ka iya gyara shi. PNG na ba ka bango fayau amma zaren ya narke ya zama fiksel. JPEG ba ya ɗaukar fayau ko leya, sai dai yana riƙe Path mai suna idan ka ajiye ta Save As ko Save a Copy, Export As kuwa zubar da shi yake yi. Idan maɗaba'a ta nemi clipping path, wato zaren da ke ɓoye duk abin da ke wajensa a wurin bugawa, zaɓi zaren da ka ajiye, ka shiga menu na akwatin Paths ka danna Clipping Path, ka bar gurbin Flatness babu komai. InDesign, manhajar tsara shafukan bugawa, zai karanta shi. Umarnin Rasterize Vector Mask kuwa na mayar da mayafin bekta ya zama na fiksel, turaku da linzamai su tafi, don haka kar ka taɓa shi sai kana da kwafin zaren a Paths.