Likita Ya Yi Ritaya: Ina Makomar Lasisinsa?

TAMBAYA: Mahaifina likita ne, bara ya yi ritaya. Yanzu yana so ya riƙa duba marasa lafiya kyauta, rana ɗaya a mako. Wani abokinsa ya ce masa tunda ya ajiye aiki an yafe masa kuɗin lasisi. Haka ne?
Daga wata mai karatu

AMSA: Allah ya saka wa Baba da alheri a kan wannan niyya. Maganar abokinsa tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta cakuɗa abu uku: rajista, wato sunansa a kundin likitoci, lasisi, wato izinin taɓa mara lafiya, sai kuɗin da ake biya a sabunta su. Ritaya tsakaninsa ce da wanda ya ɗauke shi aiki. Hukumar lasisi ba ta san ya ajiye ba sai ya rubuta mata. Idan ya yi shiru kawai ya daina biya, lasisin zai mutu, wani wurin ma a soke sunansa ko a ci shi tara.

Kowace ƙasa da tsarinta, tsarin kuma yana canjawa. A Birtaniya, da likita ya kai shekara 65 an sauke masa kuɗin shekara, har zuwa 2008 da hukumar likitocin ƙasar, GMC, ta janye rangwamen saboda dokar hana bambanci kan shekaru. Yau likita mai ritaya a can zaɓi uku gare shi: ya riƙe rajista da lasisi, ya riƙe rajista kaɗai a kan kuɗi kaɗan, ko ya nemi a cire sunansa. Wanda ya riƙe lasisi dole a tantance aikinsa duk shekara, a sake tabbatar da shi duk shekara biyar, tsarin da aka fara a 2012. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa, mai matsayin ritaya ba ya biyan kuɗin sabuntawa, amma ba shi da ikon duba kowa. Mai son aikin sa-kai matsayinsa daban ne: an yafe masa kuɗin, da sharaɗin ba zai karɓi ko kwabo ba, kuma zai ci gaba da kwasa-kwasan ƙarin ilimi.

Irin wannan matsayi na sa-kai ya dace da Baba, idan hukumarsa tana da shi. Ya rubuta mata tun lasisin bai ƙare ba, ya faɗi ainihin aikin da zai yi, ya nemi amsa a rubuce, ya adana ta.

Inda muka fi ganin dattawa suna faɗawa rami shi ne takardar magani. Maƙwabci ya shigo da jikansa jiki zafi rau, likita ya ciro biro ya rubuta masa magani a ƙyallen takarda, ya sa hannu. A wurinsa taimako ne, a wurin doka aikin likita ne, ko ba a biya shi ba. Haka takardar hutun rashin lafiya da shaidar mutuwa. Mun san da ciwo a ce wa wanda ya shekara talatin yana wannan aiki ya dakata, amma idan babu lasisi, inshorar da ke kare likita idan an kai shi ƙara ma ba za ta tsaya masa ba.

Kada kuma ya yi saurin yanke inshorarsa. Ƙorafin mara lafiya yakan taso shekaru bayan aikin, wasu inshorori kuwa ƙarar da aka shigar lokacin da inshorar take aiki kaɗai suke biya. Ya tambayi kamfanin inshorar game da kariyar da ke bin likita bayan ya ajiye aiki.

TAMBAYA: Na mayar da lasisina shekara biyu da suka wuce. Zan iya dawowa?
Daga wani likita mai ritaya

AMSA: Za ku iya, Likita, amma kada ku ja lokaci. Yawanci za a nemi shaidar cewa babu ƙara a kanku, da ta kwasa-kwasan da kuka yi, sannan kuɗin maidowa. Daɗewa ke ƙara wuya: a Ostareliya, wanda ya wuce shekara uku bai yi aiki ba sai ya miƙa wa hukuma tsarin yadda zai koma. Ku fara tara takardun kwas tun yanzu.